Matuƙan Da Ba Harsashi Ne Ya Kashe Su Ba

Kamar kullum, ga shirin wannan mako a rubuce saboda 'yan uwa da ƙarancin data ke hana su sauraro. Maganar yau tana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi mu har ƙarshe.

Bari in fara da abin da ya jawo ta. Kwanakin baya muna zaune a majalisa wajen mai shayi, hira ta biyo ta kan hatsarin jirgin da ya yi sanadin rasuwar Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, babban hafsan sojin ƙasa, a Kaduna ranar 21 ga Mayun 2021. Kowa ya tuna. Wani ya ce ranar Juma'a ce, wani ya ce an yi hadari sosai da yammacin ranar, wani ya ce ai wata huɗu kacal ya yi a kan muƙamin. Sai na ce, to wa ke tuƙa jirgin? Wurin ya yi tsit. Mu wajen takwas ne, duk masu bibiyar labarai, babu wanda ya iya kawo suna ko ɗaya. Ni da na yi tambayar ma ban sani ba. Mutum 11 ne suka rasu a jirgin nan, huɗu daga ciki ma'aikatan jirgin ne, sojojin sama, matasa sa'o'inmu. Wallahi na koma gida da kunya.

Wannan kunyar ce ta sa na shiga karance-karance, sai na ga ashe matsalar tsohuwa ce. Duk inda aka yi yaƙi, akwai wasu sojojin sama da ke mutuwa ba a fagen daga ba. Injin ya tsaya, ko hazo ya rufe hanya, ko mai ya ƙare, ko jirage biyu sun yi karo wajen atisaye. A takarda sai a rubuta "hatsari", kuma da zarar an rubuta haka, kamar an rage wa mutuwar daraja ne a idon mutane. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ɗaya daga cikin manyan labaran irin wannan a Yaƙin Duniya na Biyu ya bi ta saman garuruwanmu ne, ta Kano da Maiduguri. To can za mu fara, sannan mu dawo gida.

A watan Yunin 1940 Faransa ta faɗi hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙin a ɓangaren Hitila. Ingila tana da sojoji a Masar, suna tsaron mashigin Suwez, kuma suna matuƙar buƙatar jiragen yaƙi. Hanyar tekun Bahar Rum ta zama ta kasada. In kuma an ce jirgin ruwa ya zagaya ta ƙasan Afirka ta Kudu, tafiyar makonni da yawa ce. Sai suka yi wata dabara. Za a kawo jiragen a wargaje cikin manyan akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, sannan matuƙa su ratsa da su tsakiyar Afirka har Masar.

Ga yadda hanyar take. Daga Takoradi zuwa Legas, daga Legas zuwa Kano, daga Kano zuwa Maiduguri, sai Fort Lamy wato Njamena ta yanzu, sai Al-Junaina da Al-Fashir a Darfur, sai Khartum, daga nan a bi kogin Nilu zuwa Alƙahira. Wajen kilomita 6,000, tafiyar kamar kwana shida. Duk wanda kakansa ya taɓa ba shi labarin zuwa Makka a ƙasa zai gane waɗannan sunaye, domin kusan hanyar alhazan da ce, su suna ƙasa da jakuna da raƙuma, jiragen suna bi ta sama. Kuma hanyar ba za ta yiwu ba da gwamnan Chadi na lokacin, Félix Éboué, wanda baƙar fata ne, bai juya wa gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus baya ba a watan Agustan 1940. Shi ya buɗe musu Fort Lamy. Nijar da Dahomey kuwa suna hannun Vichy, saboda haka matuƙin da ya kauce hanya ya sauka can yana iya ƙarewa a tsare.

Ayarin farko ya tashi daga Takoradi a watan Satumban 1940, jirgi ƙirar Blenheim ɗaya da ƙirar Hurricane shida. Haka tsarin ya ci gaba. Blenheim mai inji biyu ne, yana da mai duba taswira, shi ke gaba kamar madugu. Hurricane kuwa inji ɗaya, kujera ɗaya, nasa kawai ya bi na gaba. Daga lokacin zuwa ƙarshen 1943, jirage sama da 5,000 aka kai Masar ta wannan hanya. Matuƙan ba 'yan Ingila kaɗai ba ne, akwai 'yan Foland da Jamus ta mamaye ƙasarsu, daga baya Amurkawa ma suka shigo ta kamfanin Pan American.

Yanzu ku saurari wannan da kyau. A duk tsawon hanyar nan kusan babu abokin gaba. An taɓa samun wani jirgin Jamus guda ɗaya da ya ratso sahara a Janairun 1942 ya jefa bam a Fort Lamy ya ƙona man jirage, to ban da irin wannan, ba harbi ne ke kayar da jiragen ba. Abin da muka sani ne a nan gida. Mu da muka tashi a Arewa mun san hazon hunturu, ranar da za ka tsaya a bakin titi ba ka hango ƙarshen layinku. A yau ma, da duk na'urorin zamani, ana soke tashin jirage a Kano saboda hazo. To ka ɗauka yaro ɗan shekara 21 ko 22, wanda bai taɓa taka Afirka ba sai watan jiya, yana cikin jirgi mai inji ɗaya, hazo ya raba shi da madugun ayari, babu tauraron ɗan'adam mai nuna hanya, ƙasa duk iri ɗaya, ga allurar mai tana sauka. In damina ce kuma, ga hadari mai tsawa da iska tsakanin Legas da Kano. Ga rairayi yana shiga inji yana cinye shi. Ga zazzaɓin cizon sauro, mutum yana rawar sanyi amma jirgi na jiran a kai shi.

Abin ya kai har ana shafa wa bayan jiragen da jelarsu farin fenti, don in ɗaya ya faɗi a daji masu nema su iya hango shi daga sama. Ka yi tunanin yadda mutum zai ji, yana shiga jirgin da aka riga aka yi wa alamar neman gawarsa. Har yau akwai kaburburan irin waɗannan matasa a maƙabartun Takoradi da Yaba a Legas da Khartum. Iyayensu suna can wata duniya, da yawa ba su taɓa ganin inda aka binne 'ya'yansu ba.

Bari in ba ku labari biyu daga ɗaya ɓangaren saharar, inda jiragen ke ƙarewa, don ku ji yadda irin wannan mutuwa take.

Na farko ya faru a Kufra, kudu maso gabashin Libiya, ranar 4 ga Mayun 1942. Jirage uku ƙirar Blenheim na rundunar sojin saman Afirka ta Kudu suka tashi da sassafe ɗauke da mutum 12. Ba hari za su kai ba, zagaye ne kawai don su saba da yankin, su dawo kafin rana ta yi zafi. Sai suka ɓata. Suka sauka a tsakiyar rairayi, suka yi ta ƙoƙarin gano hanya har mai ya yi ƙasa. Guguwar rairayi ta taso ta hana masu nema tashi na kwanaki. Ɗan ruwan da ke hannunsu ya ƙare da wuri, domin sun sha shi da tunanin gobe za a zo. Ƙishi ya kai su ga shan sinadarin da ke cikin na'urar nuna alƙibla, wasu suka fesa wa jikinsu abin kashe gobara don su ji sanyi, ya sale musu fata. Da aka iso gare su bayan mako guda, mutum ɗaya ne ke da rai, sunansa Noel Juul. Mutum 11 sun tafi, abokan gaba ba su harba musu ko harsashi ɗaya ba.

Amma ga inda nake so mu lura. An kafa kwamitin bincike, kuma ya faɗi gaskiya: rashin sabo da tuƙi a sahara, rashin rubuta lissafin tafiya yadda ya kamata, da matsala wajen amfani da rediyo. Daga nan aka tsaurara dokokin abin da jirgi zai ɗauka da horon da za a ba mutum kafin ya shiga sahara. Wato mutuwarsu ta zama dalilin tsirar wasu, kuma hakan ya yiwu ne saboda wani ya zauna ya tambayi me ya faru.

Na biyu, Dennis Copping, ɗan Ingila mai shekara 24. Ranar 28 ga Yunin 1942 aka ba shi wani jirgi ƙirar Kittyhawk da ya samu matsala, aka ce ya kai shi wani sansani a Masar a gyara. Aikin kai mota gareji kenan, a taƙaice. Ya tashi, ya kauce hanya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sai a 2012, bayan shekara 70, wasu masu neman man fetur suka ci karo da jirgin a yammacin saharar Masar, yana zaune kusan yadda ya sauka. Alamu sun nuna ya fita da ransa, ya yi ƙoƙarin yin inuwa da lemar saukarsa. Ana kyautata zaton daga nan ya shiga rairayi da ƙafa. Iyayensa sun mutu ba su san ko a ina ɗansu ya ƙare ba.

Kada ku ɗauka waɗannan 'yan tsiraru ne. Rundunar jiragen jefa bam ta Ingila ta rasa mutum 55,573 a yaƙin, kuma sama da 8,000 daga cikinsu a hatsarin horo da makamantansa suka mutu. Amurka kuwa ta rasa sojojin sama kusan 15,000 a hatsarurruka a cikin ƙasarta, ba su ma ƙetare teku sun ga yaƙin ba. Dalilin a fili yake. Ana gaggawa, ana yaye matuƙa cikin 'yan watanni, ana ƙera sababbin jirage ana tura su sama kafin a gama sanin halinsu, tsofaffin da suka gaji kuma a bar wa ɗalibai.

Akwai ma wasu mata a Amurka, su fiye da 1,000, da suka yi aikin kai jiragen soja daga masana'anta zuwa sansanoni. 38 daga cikinsu sun mutu a bakin aiki. Da yake a takarda farar hula aka ɗauke su, ba a yi musu jana'izar soja ba, har akwai lokutan da ƙawayensu ne suka yi karo-karo aka kai gawa gida. Sai a 1977 aka amince cewa su ma tsofaffin sojoji ne. Shekara 30 da ɗoriya ana jan magana kafin a ce musu sannu.

Na san wani zai ce, malam, mu ina ruwanmu da Turawan mulkin mallaka? Yaƙinsu ne, kuma a lokacin suna danne da mu. Wannan magana ce mai nauyi, ba zan wuce ta ba. Gaskiya ne ba a shawarci kakanninmu ba kafin a mai da Kano da Maiduguri zangon jiragen yaƙi. An kwashi samarinmu zuwa Bama, an tilasta wa dubban talakawa aikin haƙar kuza a Jos saboda yaƙin. Kuma su wa suka share filayen jiragen nan, suka fasa dutse, suka gangara da durom-durom na mai, suka sauke akwatuna a Takoradi? Mutanenmu ne. Matuƙin Bature in ya faɗi, aƙalla yana da dutse mai ɗauke da sunansa. Leburan da ya share masa fili ko wannan bai samu ba. To ni abin da na ɗauko daga nan shi ne, mantuwa hawa-hawa ce. Ana tuna janar, a manta matuƙi. Ana tuna wanda aka harbo, a manta wanda injinsa ya tsaya. Ana tuna Bature, a manta lebura. In muka yarda da hawa na farko, mun yarda da sauran kenan, kuma mu ne a can ƙasa.

Yanzu mu dawo gida. Sama da shekara goma ƙasar nan tana cikin yaƙi, a Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma. Ranar Lahadi 21 ga Fabrairun 2021, wani jirgin sojin sama ƙirar King Air ya tashi daga Abuja zai tafi Minna. Aikinsa leƙen asiri daga sama, a ƙoƙarin ceto ɗalibai da ma'aikatan makarantar kimiyya ta Kagara da 'yan bindiga suka sace kwana huɗu kafin nan. Ya ba da rahoton matsalar inji, ya juyo, bai kai ga titin sauka ba. Duka mutum bakwai da ke ciki suka rasu. Ƙannenmu suka fita nema. Bayan wata uku cif, sai na Kaduna. Kafin su, a watan Satumban 2018, Bello Baba-Ari ya rasu a Abuja lokacin da jirage biyu suka gogi juna wajen atisayen bikin samun 'yancin kai. In muka ƙara komawa baya, akwai na Ejigbo a Legas ranar 26 ga Satumban 1992, inda jirgin C-130 ya faɗi da sama da mutum 150, akasarinsu hafsoshin da ke karatu a Jaji.

Me muke yi in irin wannan ta faru? Mu sa hoto a Facebook da WhatsApp, mu rubuta ta'aziyya, kwana uku an wuce wurin. Wasu kuma su ɓata lokacin wajen yaɗa jita-jita, wane ne ya kashe wane, ba hujja ba madogara. Sauran mu ce ƙaddara ce. E, ƙaddara ce, babu mai ja. Amma ƙaddara ba ta hana bincike. In motar haya ta yi hatsari ai muna tambaya ko birki ne, ko taya, ko direban ne bai yi barci ba. Hukumar binciken hatsarin jirage ta miƙa wa rundunar sojin sama rahoton wucin gadi kan hatsarin Kaduna a watan Satumban 2021. Mu nawa ne a cikinmu muka taɓa tambayar me ke ciki, ko an yi aiki da shawarwarinsa? Ni dai ban tambaya ba sai yanzu.

Ina da aboki da yayansa makanikin jirgi ne a soja. Ya ce min duk ranar da aka ce jirgi ya faɗi, mahaifiyarsu ba ta iya cin abinci sai ta ji muryarsa a waya. Ita wannan baiwar Allah ba ruwanta da ko harbo jirgin aka yi ko inji ne ya tsaya. Marayan da aka bari ma haka. Kuɗin makaranta ba ya tambayar yadda uba ya mutu.

To me nake roƙo? Abu uku ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu.

Na ɗaya, mu riƙa kiran suna. Duk 15 ga Janairu ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya, manya su ajiye furanni, a saki tattabaru. Mu a shafukanmu, a wannan ranar, kowa ya ɗauki mutum ɗaya da ya rasu a irin wannan hatsari, ya nemo sunansa da garinsu da aikin da ya fita yi, ya rubuta. In babba ya rasu a jirgi, kafin ka sa hotonsa ka nemi sunan waɗanda ke tuƙa shi.

Na biyu, mu riƙa tambaya cikin ladabi da naci. Kowannenmu yana da ɗan majalisa, kuma majalisa tana da kwamitocin da ke sa ido kan sojin sama. A rubuta musu: ina sakamakon bincike, me aka gyara, nawa aka ware wa gyaran jirage da horon matuƙa? Mun san akwai sirrin tsaro, ba mu ce a buɗe komai ba. Amma iyalan mamaci sun cancanci su san abin da ya faru, kuma matuƙin da zai hau irin jirgin gobe ya cancanci a ce an gyara.

Na uku, iyalai. In akwai matar soja ko marayunsa a unguwarku, ku leƙa. Ku tambaya ko haƙƙoƙin mamacin sun fito. Wani lokaci abin da ake buƙata kawai wanda ya iya rubuta takarda ne ya san ofishin da za a kai ta, kuma mu da muka yi boko wannan ai ba ya gagarar mu.

'Yan uwana ɗalibai masu karanta tarihi a Kano da Maiduguri da Zariya, ga aikin bincike a ƙofar gidanku. Tsofaffin da suka ga wancan zamani da idonsu saura kaɗan, amma 'ya'yansu suna nan da labarin da aka ba su. A ƙauyukan da ke kan hanyar nan, ku tambaya ko an taɓa jin labarin jirgin da ya faɗo a gona zamanin yaƙin Hitila, da wanda ya fara isa wurin, da wanda ya yi aikin share fili. Ku ɗauka a waya ku ajiye. Waiwaye adon tafiya ne.

Zan rufe da biyan bashin da na ci a majalisar mai shayi. Ga sunayen, ban sa muƙami ba.

Na jirgin Abuja, 21 ga Fabrairun 2021: Haruna Gadzama, Henry Piyo, Micheal Okpara, Bassey Etim, Olasunkanmi Olawunmi, Ugochukwu Oluka, Adewale Johnson.

Ma'aikatan jirgin Kaduna, 21 ga Mayun 2021: Taiwo Asaniyi, Alfred Olufade, Opeyemi Adesina, Olamide Oyedepo.

Allah Ya ba iyalansu haƙuri, Ya raya abin da suka bari, Ya tsare waɗanda ke sama a yanzu haka da muke magana. Wanda ya san wani da ya rasu a irin wannan hanya, ko yana da labarin da kakansa ya ba shi, ya rubuto mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. A tura wa wani shi ma ya karanta.